Hannun Da Aka Ja Ranar Haihuwa

Auta ta tsame jaririn daga robar wanka ta shimfiɗe shi a kan cinyarta. Hannun hagu sai dukan iska yake, ƙafafu na harbi, bakin nan a wangale yana tsala kuka. Hannun dama kuwa yana kwance a gefensa kamar ba nasa ba, tafin ya juya baya. Ta ɗaga shi a hankali, ta saki. Ya faɗi yaraf.

"Inna, kin ga ya sake faɗuwa."

Surukarta tana bakin gado tana ninke kayan jariri, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke dai kin fiye sa ido. Jariri ai ɗanyen abu ne, a hankali yake haɗuwa. Ubansa da aka haife shi, kan nan nasa kamar an zauna a kai, yanzu wa ya fi shi kyan ƙeya? Ba ni maigidana nan in shafa masa mai."

Auta ta miƙa mata shi. Tun da aka sallamo su daga asibiti take jin wannan magana, ga shi har an doshi wata biyu hannun bai ko motsa ba.

Mijinta kafinta ne, kuma da sunan sana'ar kowa yake kiransa, har ita. A shagon ɗinkinta suka haɗu, ranar da ya zo gyaran teburin keke. Bayan ya gyara sai ya riƙa dawowa wai ya duba ko ƙusa ta saki, har maƙwabtan shagon suka fara tambaya ko teburin nan da aljanu yake kwana. Aure ne na so da ƙauna, ba wanda ya yi musu dole, ba kuma wanda ya hana. Da aka haifi yaron, Kafinta ya laƙaba masa Manaja, wai tunda ya zo kowa a gidan ya koma ɗan aikinsa.

Haihuwar ce dai ta zo da gardama. Tun a wurin awo aka gaya wa Auta cewa ɗan ya yi girma, ƙugunta kuma ƙarami ne, gara a yi mata tiyata. Yayar Kafinta, wadda duk gidan ke kira Anti, nas ce a wani asibitin kuɗi. Ita ta riƙe ƙaninta bayan rasuwar mahaifinsu, ita ta kai shi koyon sana'a, ita ta saya masa zarto da guduma na farko. Ta ce a kawo Auta wurinsu, a gaban idonta. Likitan, wanda shi ne mai asibitin, ya duba hoton ciki ya ce da naƙuda ta tashi shi da kansa zai yi aikin.

Naƙuda ta tashi da hantsi. Likita ba ya nan. Abin da Auta ke iya tunawa guntu-guntu ne: fankar sama da ba ta juyawa, Anti da waya a kunne tana kai da komo, wata tana danna mata ciki, wata murya tana cewa kafaɗa ta maƙale. Daga nan sai ja, ja mai ƙarfi. Wace ce ta ja? Duk yadda ta matsa wa ƙwaƙwalwarta, fuskar ba ta fitowa.

Da ta ga mai da tofi ba su canza komai ba, ta lallaɓi Kafinta suka kai yaron babban asibiti. Likitan yara, wani dattijo mai sanyin magana, ya daɗe yana jujjuya hannun.

"Akwai jijiyoyin da suke tasowa daga wuya su sauka hannu," ya ce. "Nasa sun ji rauni sosai. Yawanci hakan na faruwa in kafaɗa ta maƙale aka ja kai da ƙarfi. Za a fara yi masa gashi. In bai amsa ba sai tiyata, kuma ba a so a bari ya girma ba a yi ba."

"Likita, laifina ne?" Auta ta tambaya.

"Ba a gaya miki yaron babba ba ne tun kafin haihuwa?"

"An gaya min. An ce za a yi min aiki."

"To me ya hana? Wa ya karɓi haihuwar?"

Ta juya ta dubi mijinta. Kafinta ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Da likita ya faɗi abin da tiyatar za ta ci, suka fito jiki a sanyaye. Ko an haɗa shagonsa da nata an sayar, ba za a kama ƙafar kuɗin ba.

Daga ranar gidan ya koma kasuwar ra'ayi. Mahaifiyar Auta, Umma, ta zo da zafinta.

"Sakaci ne wannan, ba wani abu ba. Akwai lauyoyin da aikinsu ke nan, su ƙwato wa mutum diyya. An nakasa min jika, a ce mu naɗe hannu?"

Inna ta ajiye carbinta. "Ƙaddara ce. Wanda ya kai asibitin nan kotu, 'yata ya kai. Kuma in za a bi diddigi, ai na ji a danginku akwai wani kawu mai shanyayyar ƙafa. Abu a jini yake tafiya."

"Kawun nan mota ce ta buge shi," Umma ta ce.

"Oho dai. Ni abin da na ji na faɗa."

Wata maƙwabciya ta ce iska ce ta taɓa yaron. Wata ta ce kwanciyar ciki ce. Da Kafinta ya je ya sami mai asibitin, sai ya dawo da wata sabuwa: wai likita ya ce mai jegon ce ta ƙi ba da haɗin kai, ana cewa ta yi nishi tana ƙanƙame jiki.

Wannan ita ta fi dukan Auta. Ta zauna gaban keke ta kasa taka shi. Ko da gaske ne? Ta tuna ta yi kuka, ta tuna ta ce ta gaji. To ko gajiyar nan tata ce ta cinye hannun ɗanta? In kuwa ba ita ba ce, Anti ce? Anti da ta yi mata kayan jariri akwati guda? To me ya sa tun da aka sallamo su Anti ba ta ƙara tako gidan ba, sai dai aike? In ta saurari Umma sai ta ji gaskiya ce tsantsa. In Inna ta ambaci ƙaddara sai tsoro ya kama ta, kada ta zama mai jayayya da hukuncin Ubangiji. Kanta ya ɗaure tamau, har ta ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai ba ta lura ba.

Wata rana da yamma Kafinta ya dawo, ƙurar katako har cikin girarsa. Ta ajiye masa abinci ta zauna.

"Ina so mu je wurin lauya."

"Auta, ki ba ni lokaci."

"Ni zan iya ba ka. Jijiyar ce ba za ta ba ka ba, ka ji abin da likita ya ce."

"Kin san me kike nema in yi? Matar nan ita ta yi min uwa ta yi min uba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"To shi nasa hannun fa? Wa zai ba shi wani?"

Ya ture kwanon ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Wallahi ban san abin da ya dace ba. In na dube shi sai in ji kamar in rushe asibitin nan da hannuna. In na tuna Anti sai in kasa. Ki bar ni in ji da ɗaya."

Tun aurensu ba su taɓa kwana da fushi ba sai ranar.

Washegari ta goya Manaja ta tafi ita kaɗai. Ofishin lauyar ɗaki ne ƙarami a saman wani kantin magani, fayil-fayil jibge har kan kujerar baƙi. Lauyar mace ce mai tabarau, ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Bari in raba miki abin biyu," ta ce. "Ba kowane rauni na haihuwa ne sakaci ba. Wani ko an yi komai daidai sai ya faru. Amma in an san ɗa babba ne, an yanke shawarar tiyata, sannan aka bar ki ba likita, ba a kuma tura ki wani asibitin ba, to akwai magana. Asibitin da mai shi za mu nema, su ɗauki nauyin magani su biya diyya."

"Ita kuma yayar mijina?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, sunanta zai fito. Kuma su za su ce lafiya lau aka haihu. Ke kina cikin ciwo, ba ki ga komai sosai ba. Muna buƙatar wanda yake tsaye a ɗakin ya faɗi abin da ya gani."

Auta ta sauko daga benen ta fi yadda ta hau ruɗewa. Ashe wadda take zargi ita ce kaɗai za ta iya cetonsu.

Labari ba ya ɓuya. Kafin kwana biyu Inna ta ji, ta sa aka kira ɗanta, ta yi maganar a tsakar gida yadda Auta za ta ji daga ɗaki.

"In matarka ta taka kotu, ka zaɓa, ko ni ko ita. Ban haifi ɗan da za a ja shi da hanci ya tozarta 'yar'uwarsa ba."

Umma kuma ta bugo waya. "Tattaro kayanki ki dawo gida. Mijin da ba zai tsaya wa ɗansa ba, me za ki ci da shi?"

Auta ta jawo akwati ta buɗe, ta zuba riguna, ta zauna ta zura musu ido. Ta kwashe ta mayar. Ta sake zubawa. Hawaye ya hana ta ganin abin da take ninkewa. A ƙarshe ta tura akwatin ƙarƙashin gado. Ba wai ta gano mafita ba ne, kawai ta kasa hango kanta a wani gida ba tare da mutumin nan ba.

Ta ci gaba da zama. Kullum da safe ta durƙusa ta gaida Inna, ko an amsa ko ba a amsa ba. Ta goya yaro ta kai shi gashi, ta dawo ta maimaita masa motsin da aka koya mata, tana lanƙwasa gwiwar hannun tana yi masa waƙa. Ba ta janye maganar lauya ba, ba ta kuma ƙara tayar da ita ba. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne kuɗin gashin: duk sati Kafinta zai ajiye su a kan teburin kekenta ba tare da ya ce uffan ba, alhali ta san kasuwa ba ta tafiya.

Ranar da ta biya ta shagonsa a kan hanyar dawowa ta gane. Inda babban injin gogar katako yake, babu komai sai shatin ƙafafunsa a ƙasa. Kafinta yana gefe yana goge katako da hannu, gumi har gwiwar hannu.

"Ina injin?"

"Ya tafi hutu."

"Kafinta."

Ya ajiye abin gugar. "Na sayar. Me zan yi da inji in Manaja ba shi da hannu?"

Ta zauna a kan wani benci da bai gama haɗawa ba, ta fashe da kuka. Duk tsawon kwanakin nan tana zaton ya zaɓi danginsa ya bar su. Ya tsuguna a gabanta, ya kwance goyon ya rungume yaron.

"Na yi ta jiran Anti ta zo da kanta ta gaya min gaskiya. Na ga jiran ba zai ƙare ba. Tashi mu je."

Suka same ta a gida, ta dawo daga aiki ko farin kayan ba ta cire ba. Ta rame, idanunta sun faɗa. Da ta gan su sai ta rasa inda za ta sa kanta, ta shiga kawo ruwa, ta koma ta kawo wani ruwan. Auta ta ɗora mata yaron a cinya. Anti ta kama ɗan hannun nan, ta shafa shi daga kafaɗa zuwa yatsu, sai hawaye.

"Ni na ja shi," ta ce.

Ta share hawaye ta ci gaba.

"Tun da naƙuda ta fara nake kiran likita. Yana can ɗaya asibitin nasa. Ya ce mu ci gaba, yana hanya. Na ce masa mai ba da maganin barci ma bai zo ba, a bar ni in tura ta babban asibiti tun da sauran lokaci. Ya ce in na fitar da majiyyaciya daga asibitinsa, in bi ta kada in dawo. Na ji tsoron rasa aikina, na zauna jira. Da kai ya fito kafaɗa ta maƙale, na yi duk dabarar da na sani ba ta yi ba. Yaro ya fara canza launi. Na ce ko hannu ko rai. Sai na ja."

Ta dubi Auta. "Ke ba ki yi laifin komai ba, ƙanwata. Kin yi iya yinki har kin wuce. Ƙarya ya yi miki."

Auta ta ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinta, wani kuma ya hau. Watanni tana neman wanda za ta tsana. Ga ta a gabanta, ta amsa da bakinta, amma hannun da ya raunata ɗanta shi ne ya fito da shi da rai. Ta gode mata ne, ko ta yi fushi?

"Anti," ta ce a ƙarshe, "ni ban san me ke zuciyata game da ke ba, kada in yi miki ƙarya. Amma lokaci yana ƙure masa. Za ki faɗi wannan a gaban alƙali?"

"Za su kore ni. Hukumarmu ta nas-nas ma za ta tuhume ni."

"Na sani."

Anti ta daɗe tana kallon yaron, shi kuwa ya kama igiyar katin aikinta da hannun hagu yana ƙoƙarin kaiwa baki.

"Tsoron kora ne ya kai mu nan," ta ce. "Ba zan sake ba. Inna kuma ku bar ni da ita."

Yadda ta yi da Inna, Auta ba ta gani ba. Ta dai ga tsohuwar ta shige ɗaki ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki, ba ta kuma ƙara ambaton saki ba.

Shari'a ba ta zo da sauƙi ba. A je a ɗaga, a koma a ɗaga. Lauyoyin asibiti suka yi ta juya magana da turancin da Auta ba ta kama ko rabinsa, sau da yawa takan fito ba ta san su ne a sama ko su ne a ƙasa ba. An kori Anti tun a makon farko. Amma da ta tsaya ta ba da shaida, likitan yara ya zo ya yi nasa bayanin, kamfanin waya kuma ya tabbatar da kiran da ta yi ta yi a ranar, sai mai asibitin ya nemi sulhu. A gaban alƙali ya amince zai ɗauki nauyin tiyata da gashi, ya kuma biya diyyar da za a ajiye wa yaron. Hukumar likitoci ta buɗe nata binciken a kansa. Anti kuwa hukumarsu ta dakatar da ita na wani lokaci, daga baya ta samu aiki a wani ƙaramin asibitin mata.

An yi tiyatar a ƙurarren lokaci. Likita bai ɓoye musu ba: hannun ba zai taɓa zama daidai da ɗan'uwansa ba, ba lallai ya ɗagu sama da kai ba. Watanni suka shuɗe ana gashi ba wani canji, har Auta ta fara tunanin ko duk wahalar a banza ce.

Wata safiya tana shanya a tsakar gida, Inna na zaune a tabarma da jikanta, sai ta ji tsohuwar ta kira ta da wata irin murya.

"Auta, zo ki gani. A hankali, kada ki firgita shi."

Manaja ya riƙe murfin kofi da hannun dama. Gwiwar hannun ta lanƙwashe, tana rawa, tana hawa kaɗan-kaɗan, har murfin ya taɓa leɓensa. Ya saki, ya yi dariya.

Auta ta durƙushe a wurin. Inna ta share ido da gefen mayafi.

"Da kin bi tawa, da maigidan nan nawa haka zai tashi. Na so in rufa wa 'yata asiri, na manta shi ma nawa ne. Har danginki na taɓa. Ki yafe min, 'yar nan."

"Ba komai, Inna. Ni ma ban san ina yin daidai ba sai yau."

Ta ɗauki waya ta kira Kafinta, ta kira Umma. Ta ɗan yi jim da wayar a hannu, sannan ta kira Anti.

Mutane da yawa suna ɗauka haƙuri shi ne a cuce ka ka rufe baki. Ba haka ba ne. Auta ta yi haƙuri da mijinta lokacin da ya rasa inda zai dafa, ta yi haƙuri da surukarta lokacin da harshenta ya yi kaifi, amma ba ta yi haƙuri da haƙƙin ɗanta ba. Yarda da ƙaddara ba ta hana neman magani, ba ta kuma wanke wanda ya yi sakaci da ran mutane. Zumuncin da aka gina a kan ɓoye gaskiya, yaran gida ne suke biyan kuɗinsa. Wanda ya haɗa ladabi da tsayuwa a kan gaskiya, ko ya daɗe yana lalube cikin duhu, Allah ba zai bar shi ya taɓe ba.